Mai ƙona littafi da mai hana a rubuta shi, wa ya fi ɓarna?

Baba Mai Laburare (Unguwar Rimi):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Asabar da muka haɗu wurin ɗaurin aure a Tudun Wada wata magana take cina. Wani yaro cikinku ya ce a ganinsa ƙona littafi shi ne iyakar zaluncin da gwamnati za ta yi wa ilimi. Hayaniya ba ta bari na ba shi amsa ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Na yi shekara 31 ina aikin laburare kafin in yi ritaya. Abin da na fahimta shi ne, wuta ita ce ƙaramar ɓarna. Ku duba Jamus. Hitler ya hau mulki a ƙarshen Janairun 1933. Ranar 10 ga Mayu na shekarar, ɗaliban jami'a suka tara littattafai wajen 20,000 a wani dandali a Berlin suka cinna masu wuta, Goebbels ministan farfaganda yana yi masu jawabi. Duniya ta gani, an ɗauki hotuna, har gobe ana nunawa. Amma littattafan da aka ƙona akwai kwafinsu a Faransa da Ingila da Amurka. Ba su mutu ba.

Abin da ya kashe adabin Jamus ya zo ne bayan 'yan watanni, ba hayaƙi ba ihu. Aka kafa hukumar al'adu, a ƙarƙashinta akwai sashen marubuta. In ba ka da rajista da su, ba mai buga maka ko shafi ɗaya. Bayahude ko wanda ba su yarda da aƙidarsa ba, sai a hana shi rajistar ko a soke ta. Littafin da aka ƙona ana iya nemo shi wani wuri. Wanda marubucinsa ya fasa rubutawa don tsoro fa, a ina za a nemo shi?

Abin da ya fi yi mini ciwo, jerin sunayen littattafan da aka bi aka kwashe ɗin nan, ma'aikacin laburare ne irina ya tsara shi, sunansa Wolfgang Herrmann. Ba soja ba ne. Mutum ne da aka ɗauka aiki don ya kula da littattafai.

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam Baba. Ni ne yaron, kuma na gode da aka tuna da maganata. Amma Baba, ai wutar ce take haifar da tsoron. Marubucin da ya ga an jefa littafin ɗan'uwansa a wuta, shi ne zai shafa wa gemunsa ruwa. Na karanta cewa Erich Kästner yana tsaye cikin taron a daren nan, yana kallo ana ƙona nasa littattafan. Ya za a raba wutar da shirun da ya biyo baya?

Baba Mai Laburare:
Ɗana, ka yi magana. Amma je ka Tarayyar Sobiyet ka gani. Su ba su damu da tara jama'a a dandali ba, kuma sun fi Jamus daɗewa suna danne rubutu. A 1922 suka kafa ofishin tace rubutu da ake kira Glavlit, bai rushe ba sai 1991. Duk abin da zai shiga injin ɗab'i sai ya bi ta hannunsu, daga littafi har takardar da ake liƙa wa kwalin ashana. Littafin da aka haramta ba lalle a ƙone shi ba. Sai a kai shi wani ɗaki na musamman cikin laburare a kulle, a zare katinsa daga akwatin katuna na jama'a. Kai da ka zo nema ba za ka ma san an taɓa rubuta shi ba.

Ga wanda ba na mantawa. Beria shi ne shugaban 'yan sandan ciki na Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet. Bayan mutuwar Stalin a 1953 aka kama shi aka kashe shi. To akwai dogon bayani na yabonsa a kundi na 5 na babban kundin ilimi na ƙasar, kuma an riga an sayar wa jama'a. Sai maɗaba'ar ta aika wa masu kundin wasiƙa har gida, tare da sababbin shafuka, ta ce su sa almakashi ko reza su yanke shafukan Beria, su liƙa waɗannan a madadinsu. A cikin sababbin shafukan akwai ƙarin bayani kan tekun Bering, don dai a cike gurbin. Ku kwatanta magidanci zaune a ɗakinsa da dare, reza a hannu, yana yanke littafin da ya saya da kuɗinsa, 'ya'yansa suna kallo. Ba ɗan sanda a kansa. Shi da kansa ya zama ma'aikacin tacewa.

Malam Na Rigasa:
Allah ya gafarta Baba. Duk abin da aka faɗa kan kwaminis da Hitler gaskiya ne, ba mai kare azzalumi. Amma ina jin ƙanshin inda maganar za ta dosa, gara in tare ta tun yanzu. Kada a ɗauki labarin Rasha a zo a ce mu ma a bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Ni malamin Islamiyya ne, na sha ƙwace littattafai a hannun 'yan mata 'yan shekara 13, in na buɗe sai kunya ta hana ni ƙarasa shafi. Yanzu ma abin ya koma waya, ana sayar da su a WhatsApp. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Al'ummar da ba ta da mai cewa a bari, ta lalace.

Anti Malama (Malali):
Malam, ni ma ina koyarwa, kuma na ga irin littattafan da kake nufi. Ba na so 'yata ta karanta su. Amma kai da ka ƙwace littafi a hannun ɗalibarka, ka kira uwarta, kuka yi magana. Uwar tana iya ce maka ba ta yarda ba. Yarinyar in ta girma tana iya nemo littafin ta yanke wa kanta hukunci. Wa ya isa ya ce wa Glavlit bai yarda ba? Tarbiyya daban, mulkin kama-karya daban.

Malam Na Rigasa:
To in iyaye sun kasa fa? Ai saboda haka aka yi hukuma.

Baba Mai Laburare:
Malam, bari in ba ka abin da zai fi kusa da zuciyarka. A Albaniya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, shugabanta Enver Hoxha ya rufe duk masallatai da coci-coci a 1967, aka haramta addini baki ɗaya. Mallakar Alƙur'ani ko Baibul ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A ƙasashen Musulmi na tsakiyar Asiya da ke ƙarƙashin Sobiyet, irin su Uzbekistan, an hana rubuta harshensu da haruffan Larabci a ƙarshen shekarun 1920, aka koma haruffan boko, wajen 1940 kuma aka sake mayar da su haruffan Rasha. Mutane suka riƙa binne littattafan kakanninsu a ƙasa ko su ɓoye su cikin bango. Ka ɗauka a ce an wayi gari a Zariya an ce duk wanda aka samu da takardar ajami a gidansa ya shiga uku, sannan jikokinsa suka taso ba mai iya karanta ko layi ɗaya na waƙoƙin Nana Asma'u.

Su ma waɗancan hukumomin cewa suka yi suna kare yara daga gurɓatar tunani. Hujjar ɗaya ce, mai riƙe da almakashin ne ya bambanta. Kai kana hango almakashin a hannun mutumin kirki irinka. Ni na ga yadda ofis yake canza hannu.

Ko a tarihinmu na Musulunci, a Ishbiliya ta Andalus sarki ya sa an ƙona littattafan Ibn Hazm. Yau malamai suna kafa hujja da shi.

Malam Na Rigasa:
Na ji wannan, kuma ya girgiza ni, ba zan ɓoye ba. Amma ban sauka daga ra'ayina ba. Don likita ya taɓa kashe mutum da wuƙar tiyata ba a ce a daina tiyata ba.

Ɗan Kawo:
Baba, tambaya. In komai sai ya bi ta ofishin nan, ya aka yi rubutun mutanen ya iso gare mu?

Baba Mai Laburare:
Da wahala, ɗana, da kuma mata masu ƙarfin zuciya. Akwai mawaƙi Osip Mandelstam. A 1933 ya tsara 'yar gajeruwar waƙa yana zambo ga Stalin. Bai buga ta ba, karanta wa abokai kaɗan ya yi a ɗaki. Maganar ta kai kunnen hukuma. Aka kama shi a 1934, aka sake kama shi a 1938, ya mutu a sansanin fursunoni kusa da Vladivostok a ƙarshen shekarar. Matarsa Nadezhda ta haddace waƙoƙinsa, ta yi ta yawo daga gari zuwa gari tana gudun kamu, tana tilawarsu a zuciya kamar yadda gardi yake tilawa don kada karatu ya zube. Shekaru masu yawa tana haka.

Mawaƙiya Anna Akhmatova ita ma, lokacin da ɗanta yake kurkuku, sai ta rubuta baiti a 'yar takarda ta miƙa wa ƙawarta Lydia Chukovskaya. Ƙawar ta karanta a zuci har ta haddace, a baki kuma suna hirar yanayin gari saboda tsoron na'urar sauraro. Daga nan sai a ƙyasta ashana a ƙone takardar a farantin tokar sigari. Mu da muka tashi da allo da tawada mun san wannan: ka rubuta, ka haddace, ka wanke.

Bayan zamanin Stalin sai aka shiga abin da suke kira samizdat, wato buga da kanka. Mutum ya sa takarda huɗu ko biyar da kabon a tafireta, ya buga littafi guda shafi bayan shafi. Kwafin ƙarshe da ƙyar ake gane haruffansa. A ba ka aro na dare ɗaya, ka kwana kana karatu, da safe ka miƙa wa na gaba.

Hukuma ta san da haka. Vasily Grossman ya rubuta babban littafi kan yaƙin Stalingrad, inda ya nuna kamannin da ke tsakanin mulkin Hitler da na Stalin. A 1961 jami'an KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, suka zo gidansa. Ba su kama shi ba. Littafin suka kama: rubutun, da kwafin kabon, har da zaren tawadar tafiretar da aka buga shi da ita. Ya rasu a 1964 bai ga littafinsa a kasuwa ba. Ashe akwai kwafin da abokai suka ɓoye, aka ɗauki hotonsa aka fitar da shi waje, aka buga a Suwizalan a 1980. Mutanen ƙasarsa ba su same shi a fili ba sai 1988. A Romaniya kuwa, shugaban ƙasar, Ceausescu, ya kafa doka a 1983 cewa duk mai tafireta sai ya yi mata rajista wurin 'yan sanda, ya ba da samfurin haruffanta, don in an tsinci takarda a titi a gane daga gidan da ta fito.

Kawu Mai Ɗab'i (Kakuri):
Ina biye da ku tun safe, injin ne bai bar ni na yi rubutu ba. Ku yi haƙuri in dawo da maganar gida. Mu ba mu yi mulki irin na Stalin ba, kada a yi ƙari. Amma mun ɗanɗana ƙanensa. A 1984 aka kafa dokar soja mai lamba 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. A 1994 Abacha ya rufe Guardian da Punch da Concord. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci.

Lokacin ina yaron shago a wani gidan ɗab'i a nan Kaduna. Wata rana wani malami ya kawo ɗan littafin waƙoƙi na Hausa, bai wuce shafi arba'in ba, ya biya rabin kuɗi. Har mun yi farantan da ake ɗora wa inji a buga. Da yamma maigidana ya zauna yana duba gyara, sai na ga ya tsaya a wani shafi ya daɗe. Waƙa ce kan layin mai da tsadar abinci, ba sunan kowa a ciki, sai dai an ambaci wani mai baƙin tabarau. Ya tashi ya rufe ƙofar shago, ya ce in kawo farantan. A gabana ya kankare su, ya ce in kai ragowar takardun bayan shago in ƙone. Washegari ya mayar wa malamin kuɗinsa cif, ya ce inji ya lalace.

Ba wanda ya zo ya tsorata mu. Ba wasiƙa, ba jami'in farin kaya. Maigidana yana da 'ya'ya tara da bashin inji a kansa. Har yau ina tuna yadda malamin ya naɗe rubutunsa ya sa a aljihun babbar riga, ya ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ban sake jin labarin littafin ba. Ni na ƙyasta ashanar, kuma abin bai bar zuciyata ba.

Anti Malama:
Kawu, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kai yaro ne a lokacin.

Ɗan Kawo:
Kawu, wannan labarin ya fi na Berlin taɓa ni. Baba, na fara gane abin da kake nufi.

Na tuna kuma da Malawi. A zamanin Kamuzu Banda, wanda aka naɗa shugaba na har abada a 1971, suna da hukumar tacewa tun 1968. Mawaƙi Jack Mapanje an janye littafin waƙoƙinsa daga makarantu da shaguna, aka kama shi a 1987, ya zauna kurkukun Mikuyu har 1991 ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba.

Maman Ummi (Badarawa):
Salam. Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau dole. Ni marubuciya ce, na fara tun ina sakandare, a littafin rubutu mai shafi tamanin. Malam Na Rigasa, da girmamawa, ina so ka ji ta bakin wadda abin ya shafa.

A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan hikaya na Hausa a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Bayan nan hukumar tace fina-finai ta jihar ta ce marubuta su zo su yi rajista, a duba rubutunsu kafin a buga. Ba na cewa Kano ta zama Mosko, kuma marubuta sun yi ta jayayya da hukumar a fili ba a harbe kowa ba. Amma kasuwar littafin Hausa a Kano take. Mu na Kaduna can muke kai kayanmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ina da labari a hannu lokacin, kan yarinyar da aka aurar da ita ga abokin babanta, da abin da ta gani a gidan, da yadda ta ƙare da yoyon fitsari aka mayar da ita gida. Ba batsa ko kalma ɗaya. Labarin maƙwabciyarmu ce, na canza suna da gari. Ɗan kasuwar da yake karɓar littattafaina ya karanta ya ce, Hajiya, babi na bakwai zai jawo mana magana, za a ce kina zagin malamai da iyaye. Ba hukumar ce ta faɗa ba, ba ta ma ga littafin ba. Shi ne ya ji tsoron kada kuɗinsa su maƙale. Na koma gida na cire babin, na sa yarinyar ta yi haƙuri, mijin ya shiryu, aka zauna lafiya. Littafin ya fita, an saya. Ita kuwa maƙwabciyar tamu ta rasu ba ta kai shekara ashirin ba.

Masu rubuta batsar da Malam yake kuka da su ba su taɓa zuwa rajista ba, kuma ba su fasa ba, sun koma waya da sunan bogi. Mu masu sa sunanmu na gaskiya a bangon littafi mu muka rage murya.

Malam Na Rigasa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta. Hajiya, irin littafinki ba shi nake nufi ba, kuma da ni aka kawo wa shi da ban ce a cire komai ba. Addini bai ce a rufe zalunci ba.

Maman Ummi:
Na yarda da kai ne da ba ka ce a cire ba, Malam. Amma ba kai aka kai wa ba, kuma ba a kai wa kowa ba. Tun a hanya aka yanke shi.

Malam Na Rigasa:
Zan yi tunani a kan wannan. Har yanzu ina ganin dole a sami mai sa ido kan abin da ke shiga hannun yara. Sai dai in ana yi, a yi shi bayan littafi ya fito, a gaban alƙali, marubuci ya zo ya kare kansa kowa yana ji. Zancen rajista da kai rubutu ofis kafin a buga, bayan abin da na ji yau, raina bai kwanta da shi ba.

Anti Malama:
A rubuta shekarun da suka dace a bangon littafi, a bar wa iyaye da malamai sauran aikin. Ko wannan aka yi an rage.

Kawu Mai Ɗab'i:
Hajiya Maman Ummi, babin nan yana nan ko kin yar?

Maman Ummi:
Yana nan Kawu. Yana cikin akwatin lefena, ƙarƙashin atamfofi, a cikin leda. Shafi goma sha tara ne da rubutun hannu. Sau biyu muna tashi daga gida ina tafiya da shi. Ban taɓa buɗe shi ba tun lokacin.

Baba Mai Laburare:
'Yata, ki fito da shi. Ranar Asabar bayan la'asar ina gida, duk mai hali ya zo, akwai tabarma da inuwar mangwaro. Ki zo da babin da kuma littafin da aka buga, mu karanta su gefe da gefe. Malam, ina so ka zo, kai za ka zauna kusa da ni.

Malam Na Rigasa:
Ina da darasi har ƙarfe biyar, amma in sha Allahu zan iso kafin magariba. Kada a fara babi na bakwai sai na zo.

Kawu Mai Ɗab'i:
Ni ma ina tafe. Hajiya, ki ƙirga mini shafukan littafin duka har da babin, in san rim nawa na takarda zai ci.